Jar Motar Auta

A shekarar 2014, lokacin da labarin zinariyar Jado ya game ƙasar Nijar, samari da yawa na jihar Maraɗi suka jingine hauya suka nufi arewa. A cikinsu akwai wani ɗan Tasawa da kowa ke kira Auta, don shi ne na ƙarshe a ɗakin mahaifiyarsa. Wasu sun dawo da tari, wasu da bashi. Shi kuwa Allah ya ba shi rabo, ya kuma ba shi hankalin barin rami tun da sauran ƙarfinsa. Abin da ya samo ya zuba shi a fataucin wake da riɗi da aya. Da kaka sai ya bi kasuwannin ƙauye, daga Urafan zuwa Kanambakashe har Mayahi, ya saya ya jibge a sito, in farashi ya ɗaga ya loda wa manyan motoci su kai Dawanau a Kano. Kafin a jima ya zama mutumin da ake tasowa a gaisar a kasuwa. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, ya gina wa mahaifiyarsa ɗakin siminti, ya biya mata Makka. Abu guda ne ya fi ƙarfinsa, shi ne mota.

Ba kuma kowace mota ba. Akwai wasu motoci da Amurkawa ke ƙerawa, masu ƙofa biyu da dogon hanci, da ƙaton inji mai silinda takwas wanda in an tayar da shi sai ka ji rurinsa a ƙirjinka. Tun 1964 aka fara yayinsu, shekarar da Pontiac GTO da Ford Mustang suka fito, kuma har yau samarin duniya ba su warke daga sonsu ba. Ba a yi su don buhu ba, ba a yi su don iyali ba, an yi su ne don gudu da burgewa. Su Auta ke kallo a waya in dare ya yi. Ana nan sai wani kamfani ya fitar da sabon samfuri, wanda aka sake masa kome tun daga inji har kujeru. Wani dillalin motoci da ke zaune a Kwatano ya turo masa hotonta, ja jawur, ya ce masa duk Afirka ta Yamma ba wanda ya hau irinta tukuna.

Wannan kalmar ita ta kama Auta. Da safe ya nufi garejin kawunsa, ƙanin mahaifiyarsa, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Tasawa ta wuce Damagaram. Kawu dattijo ne, a Kaduna ya koyi aiki yana saurayi, zamanin da masana'antar Fijo ta garin ke tashe. Auta ya same shi sunkuye a kan wata tsohuwar 504 ta ɗaukar 'yan kasuwa. Ya dafa tsinin doguwar sukundireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotarta, idonsa rufe, injin na aiki a hankali. Ya matsa da tsinin gaba kaɗan, ya sake saurarawa. Can ya ɗago ya ce wa yaronsa, "Kashe ta. Bawul na uku ne ke kuka, ɗauko sifana mai lamba goma sha uku." Sannan ya goge hannu a tsumma ya juyo.

Bayan sun gaisa, Auta ya miƙa masa waya. Kawu ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Tubarkalla, ta yi kyau. Shekararta nawa a kan hanya?"

"Ai sabuwar fitowa ce, Kawu. Bana aka fara yin ta."

"To wa ya hau ta ya ba ka labari?"

"Ni zan hau in ba da labarin. Ba ku kuke cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari ba?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya jawo benci ya ce masa ya zauna. "Ɗana, kuɗinka ne, guminka ne, ba zan ce kada ka ji daɗinsu ba. Ko wannan ɗin kake so, ka saya. Abin da nake roƙonka shi ne ka ba ta shekara biyu. Duk motar da ka gani a duniya, akwai ciwon da ake haihuwarta da shi, kuma masu ƙera ta ba su san shi ba sai mutane sun hau. Su motoci ƙalilan suke gwadawa. In dubbai suka bazu, wani ya shiga zafi da ita, wani ya shiga ƙura, wani ya bar ta a rana wata guda, a nan ne ciwon ke bayyana. Sai su koma su gyara a kan waɗanda za su fito baɗi. Wanda ya sayi ta farko, shi ne aka yi gwajin a kansa, kuma shi ya biya kuɗin gwajin."

Ya nuna 504 ɗin da haɓa. "Wannan da ka gani, a 1968 aka fara yin irinta a Faransa. Kaduna ba ta fara haɗa motoci ba sai 1975. Kafin ta zo hannunmu ta riga ta sha duka a hannun wasu, an san inda take ciwo. Yau in ta mutu a dajin Korgom, yaron nan nawa zai je da babur ya tashe ta. Dubi kat-kat ɗin da direbobin Agadas ke shiga sahara da ita, tun 1984 ake yin wannan samfurin na Land Cruiser. Ba don ba su ga sababbi ba suke riƙe da ita. Sun san in ta tsaya a inda babu ruwa, akwai wanda ya san cikinta. Taka fa, in ta tsaya, wa za ka kira?"

Auta ya ce tana da garanti na shekara uku. Kawu ya tambaye shi inda ake karɓar garantin. Ya ce a wurin wakilin kamfani. Ya ce, ina wakilin yake? Auta ya duba waya, bai ce kome ba.

Da dare mahaifiyarsa ta kira shi ɗaki, don ƙaninta ya riga ya je mata da maganar. Ba ta san silinda ba, ba ta san garanti ba, amma ta ce masa, "Auta, ka tuna shekarar da malaman gona suka kawo wa mahaifinku sabon irin hatsi daga Tarna? Kowa na yabonsa, wai yana nuna da wuri. Bai ƙi karɓa ba, Allah ya jiƙansa. Amma a kusurwar gona ya shuka shi, sauran gonar ya sa irin da ya gada. Sai da ya ga yadda ya yi da fari, ya ga yadda ya yi da tsuntsu, ya ci tuwonsa, sannan damina ta uku ya cika gona da shi. Kai kuma na ji an ce rabin jarinka za ka ɗora a kan abin da ko a mafarki ba wanda ya taɓa hawa a garin nan."

Ya ce, "Inna, ki sa albarka kawai." Ta sa albarka, don uwa ba ta hana ɗanta wannan.

Abin da ya fita daga hannunsa, da kuɗin mota da na jirgin ruwa da na duwan da la'adar dillali, ya haura miliyan 40 na sefa. Motar ta sauka a Kwatano, aka ɗora ta a kan tirela, ta haye gadar Malanbil zuwa Gaya, ta biyo Doso da Dogondutsi da Ƙonni da Madawa, ta wuce Maraɗi da Cadawa da Gazawa, ta iso Tasawa a cikin bazarar 2023. Ranar da aka sauke ta, masu shayi sun bar tukunya a kan wuta. Yara suka bi ta da gudu har ƙofar gida. Kuma gaskiya mota ce. In ya taka ta a kan kwalta wajen Maijirgi, bishiyoyi sai su haɗe su zama abu guda. Bai yi mata sakaci ba ko kaɗan. Bai taɓa zuba mata man kwalba na bakin hanya ba, sai na gidan mai. Ya gina mata rumfa. Ya hana kowa taɓa sitiyarinta.

Bayan Babbar Salla aka sa ranar ɗaurin aurensa da wata yarinya 'yar wani ƙauye a ƙasar Mayahi, can gefen Gulbin Kaba, inda goriba ta yi yawa har matan wurin suka shahara da saƙar tabarma. Kawu ya ce a tafi da Hilux ɗin wani abokinsa, a bar jar a gida. Auta ya ce ai saboda irin wannan rana aka saye ta. Ya sa wan mahaifinsa, wanda zai karɓa masa aure, a kujerar gaba, sadaki da goro a but, abokai suka biyo baya a kan babura.

Mutane daga baya sun ce rairayi ne ya kama ta. Ba haka ba ne, kuma ya kamata a faɗi gaskiya ko don a san inda laifin yake. A kan ƙasa mai tauri take tafiya, shimfiɗaɗɗiya, saura tafiya kaɗan su shiga garin. Sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Injin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Auta ya danna maɓallin tayarwa, ta yi kuka ba ta kama ba. Ya sake, haka. Ya fito cikin babbar riga mai aiki ya buɗe bonet, abin da ya gani baƙar roba ce ta rufe injin ruf, ba wayar da zai taɓa, ba abin da zai hura. Rana ta take. Dattijon da ke gaba, wanda shekarunsa sun haura saba'in, gumi ya jiƙa masa rawani, don gilasan ma sun ƙi sauka sosai. A ƙarshe a bayan babur aka kai shi, yana rungume da jakar sadaki. An ɗaura aure bayan la'asar maimakon hantsi, liman da mutanen gari sun gaji da zama. Motar kuwa wani manomi ne ya ɗaure ta a bayan amalankensa, bijimai biyu suka ja ta zuwa gindin wani gawo, ya sa ɗansa ya kwana yana gadi.

Kawu ya zo washegari. Bai ce "na gaya maka" ba, kuma wannan shirun ya fi yi wa Auta zafi. Ya kwanta a ƙasa ya sa kunne a jikin tanki, ya ce a kunna. Ya tashi ya ce, "Famfon da ke turo mai daga tanki ba ya motsi. Iyakar abin da kunnena zai iya ke nan. Dalilin da ya sa ya tsaya, sai mai kwamfuta."

Aka ɗauko wani matashin bakanike daga Maraɗi, gwani ne, shi ke duba motocin manyan alhazan garin. Ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya sami 'yar kafar da ake soka na'ura, ya soka. Ya bi jerin sunayen motoci a kan allon da yatsa, ya sauka har ƙasa, ya sake hawowa. Sunan kamfanin na nan, samfurin bara na nan, na bana babu. Ya ce, "Alhaji, na'urata ba ta san motarka ba. Manhajar wannan ba ta fito mana ba tukuna, kuma ko Kano ka je abin da za a gaya maka ke nan." Ya karɓi kuɗin mansa ya koma.

Ba a yi sati uku ba dillalin Kwatano ya turo saƙo. Kamfanin ya yi shelar cewa famfon da aka sa wa motocin farko yana da aibi, in ya ɗau zafi yakan tsaya, kuma duk mai irin motar ya kai ta wurin wakili a canza masa kyauta. Auta ya karanta saƙon har ya haddace. Kyauta ne, amma ga wanda ke Amurka ko Dubai. Ya ce a sayo masa famfon da kuɗinsa. Aka ce sabon da aka gyara bai wadata ba, wakilan kamfani ake fara ba. Da ƙyar dillalin ya samo ɗaya ya sa a kwantenar wani ɗan kasuwa. Kafin kwantenar ta bar tashar jirgin ruwa, aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya. Famfo ya zauna a Kwatano, mota ta zauna a ƙarƙashin tamfol a Tasawa, kaji na kwana a inuwarta.

Wani zai ce rufe iyaka ƙaddara ce, ba ruwan sabuwar mota. Haka ne, ƙaddara ce, kuma ta faɗa wa kowa. Amma a cikin watannin nan Hilux da Hiace da tsofaffin Fijo ba su daina zirga-zirga tsakanin Tasawa da Mayahi ba. Kayan gyaransu sun yi tsada, amma akwai su, a shagunan Maraɗi, a jikin matattun motocin da ke bayan kowane gareji. Motar da ta daɗe a ƙasa tana da inda za ta jingina in duniya ta rikice. Ta Auta ba ta da kowa sai jirgin ruwa.

Kada kuma a ɗauka wannan halin kamfani ɗaya ne, ko na motocin gayu kaɗai. Toyota, wadda mutanenmu suka fi amincewa da ita, a 2024 ta yi kiranyen motoci kusan 102,000 na Tundra da Lexus LX, samfurin 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin sabon injinsu tun a masana'anta, har ta ce za ta canza injin ɗungurungum. Mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda ke tattara bayanan masu motoci kowace shekara, ta daɗe tana ba masu saye shawarar su ɗan jira in an sake wa mota fasali. Wannan fa a ƙasar da wakilin kamfani ke bayan gidan mutum, ya karɓi motarka ya ba ka aron wata. Ni a ganina, wanda ya dace ya sayi mota a shekararta ta farko shi ne mai wakili a kusa, mai wata motar a gida, wanda in wannan ta kwanta wata shida ba abin da zai girgiza a cikin sana'arsa. Auta bai cika ko ɗaya daga cikin ukun ba.

Kakar 2023 ta zo, wake ya yi kyau a ƙasar Mayahi, ga shi da araha don hanyar Kano a toshe take. Shekara ce ta mai kuɗi a hannu, ya saya ya ajiye ya jira. Manoman da suka saba Auta ya kwashe kayansu suka yi ta aiko masa, wasu har gida suka zo da samfuri a ƙullin leda. Ya sayi abin da ya iya, bai kai rabin na bara ba. Sauran wasu suka saye. Da aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris 2024 farashi ya tashi, ya zauna yana kallon sitonsa rabi fanko. Amaryarsa ce ta same shi a zaure wani dare, bai ci tuwon da ta ajiye masa ba. Ta ce, "Maigida, in motar nan ce ke hana ka barci, ka rabu da ita. Ni a bayan babur aka kai sadakina, kuma ga ni a ɗakina lafiya."

Bai rabu da ita ba tukuna. Ya sa wani ya samo masa famfo ta Kano da tsada. Kawu ya sauke tanki, ya ciro tsohon, ya jera su biyu a kan buhu. Ya sa tabarau, ya bi lambobin da ke jikinsu ɗaya bayan ɗaya da farce. Ya ce, "Ɗana, wannan ɗan'uwan wancan ne. Lambarsu ɗaya. Ragowar na farkon ne aka sayar maka, wanda kamfani ya ce a cire." Auta ya ce a sa hakanan. Aka sa, ta tashi, ta yi wata biyu, ta sake mutuwa a ƙofar masallacin Juma'a. Famfon kirki bai iso ba sai ƙarshen shekara, ta hanyar Lome. Kafin nan batir ya mutu, tayoyi sun tsattsage don zama wuri ɗaya, ɓeraye sun ci wayoyi a ƙarƙashin kujera.

Da ta tashi sosai, sai ya sa ta a kasuwa. Wani mai saye ya zo daga Yamai da bakanikensa. Bakaniken bai ko buɗe bonet ba. Ya leƙa gindin gilashin gaba inda lambar shasi take, ya ƙirga har harafi na goma, wanda ke nuna shekarar mota, ya juya ya ce wa ubangidansa, "Ta shekarar farko ce." Mai sayen ya ce shi ma ya san labarinsu, yanzu ta shekara ta uku ake nema, wadda aka gyara wa famfo da giya. Ya taya ƙasa da rabin abin da Auta ya kashe. Auta ya dubi kawunsa. Kawu ya ce, "Sallama masa."

Sati na gaba suka shiga motar haya su biyu zuwa Maraɗi. A wurin masu sayar da motoci Auta ya tsaya gefe, hannu a aljihu, ya bar dattijon ya yi gaba. Hilux ta farko Kawu ya shinshina man injinta ya wuce. Ta biyu ya ga an yi mata walda a shasi an shafe da fenti. Ta uku fara ce, shekararta bakwai, da 'yar lotsawa a ƙofar baya. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe, ba a ganin kome sai tafin ƙafarsa. Ya fito ya sa aka tayar, ya dafa sukundirebarsa a inji ya saurara.

"Kawu, yaya?"

"Shokozoba na baya sun gaji, za mu canza, akwai su a shagon da ke kallonmu. Buhu nawa kake lodawa daga Kanambakashe?"

"In hanya ta yi kyau, goma sha biyar."

"Za ta ɗauka. Je ka yi ciniki, kada ka nuna masa kana so."